Me ya sa karas ɗin da na shuka a gida bai yi zaƙi ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Na shuka karas a ɗan lambun da ke bayan gidana. Ya fito da kyau, ganyensa ya yi kore shar har ya kusa kai gwiwa, amma da na tono sai na tarar wani lami ne, wani kuma yana da ɗaci da wani irin ɗanɗano kamar na sabulu. Na sa masa kashin kaji sosai kafin shuka, kuma ina ba shi ruwa duk lokacin da na ga ƙasa ta bushe. Wata ta ce in riƙa zuba masa ruwan sukari. Don Allah me zan yi karas ɗina ya yi zaƙi a shuka ta gaba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa uku kika lissafa: lami, ɗaci, da ɗanɗanon sabulu. A baki duk sunansu rashin daɗi, amma kowanne da inda yake fitowa, kuma sai an rarrabe su kafin a san inda za a sa hannu. Maganar ruwan sukari kuwa, ki bar ta. Saiwar karas ba ta zuƙar sukari daga ƙasa ta adana. Abin da za ki samu shi ne tururuwa, da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa da za su cinye sukarin su yi yawa, har su riƙe abincin da shukar take buƙata. Sukarin karas a ganye ake haɗa shi da hasken rana, sannan a sauko da shi cikin saiwa a ajiye. Duk aikin da za ki yi, aiki ne na taimaka wa ganye ya haɗa da yawa, da hana saiwa ɓarnatar da abin da aka ba ta.

Daga ina ɗanɗanon yake fitowa

Abu uku ne suke haɗuwa a harshe idan an gatsi karas. Na farko sukari, wanda ya ƙunshi sukuros da gulukos da furuktos. Na biyu wasu sinadarai masu ƙamshi da ake kira tarfinoyid, su ne suke sa ki san karas kike ci ko idonki a rufe. Idan suna nan daidai, ƙamshi ne mai daɗi. Idan suka yi yawa suka rinjayi sukari, su ne wannan gafin mai kama da sabulu ko ganyen magani. Na uku masu ɗaci, kuma biyu ne aka fi sani: falkarindiyol, wanda ya fi taruwa a ɓawo da wajen kafaɗa, da wani daga dangin isokumarin, wanda karas yake haɗawa idan ya sha wuya, ko a cikin ƙasa ko bayan an tono shi.

Abin lura shi ne, ƙamshin yana riga sukari zuwa. Ƙaramin karas da bai ƙosa ba ya riga ya tara tarfinoyid ɗinsa, sukari kuwa a makonnin ƙarshe yake taruwa sosai. Shi ya sa mutane da yawa suke mamaki idan suka tono shi yana ɗan siriri da zaton zai fi taushi da zaƙi, sai su ji gafi. Haka kuma idan kika yanka karas a kwance za ki ga zobe na waje da sanda a tsakiya. Naman waje ya fi sukari, sandar tsakiya ta fi tauri da ƙarancin zaƙi. Karas mai kaurin nama da siririyar sanda shi ake nema.

Iri

Ba ki faɗi irin da kika shuka ba, alhali shi ne abu na farko da nake tambaya, domin yawan tarfinoyid gado ne. Irin da ya gaji gafi, kulawa tana rage masa, amma ba ta raba shi da shi. Idan don ci ɗanye ake so, dangin Nantes ne a gaba: dogo daidai wa daida, kaurinsa kusan ɗaya daga sama har ƙasa, bakinsa dakusasshe, sandarsa siririya, yana ƙosawa cikin kwana 65 zuwa 75. Aibinsa shi ne yana karyewa da wuri kuma ba ya son zafi. Chantenay gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana jure ƙasa mai nauyi kuma yana daɗewa a ajiye, amma idan ya wuce lokaci sandarsa takan yi kauri. Danvers yana da juriya, ɗanɗanonsa yana da ƙarfi, ya fi dacewa da dafuwa. Imperator dogo ne ƙwarai, sai ƙasa mai zurfi da laushi. Ga wanda yake wuri mai zafi, Kuroda, wanda asalinsa daga Japan ne, ya fi sauran riƙe zaƙi da launi idan rana ta yi tsanani, sai dai yakan ɗauki kwana 90 zuwa sama da 100.

Ki sayi iri mai suna a jikin fakiti. Irin da aka ɗebo a ƙulle ba suna, ba ki san abin da ya gada ba. Idan kuma kina ajiye naki, ki sani wanda aka rubuta F1 a jikinsa, wato wanda aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu, sannan furen karas ƙwari ne suke haɗa shi da na wani, har da karas na daji a inda yake tsirowa, wanda saiwarsa fara ce mai tauri da ɗaci.

Zafi da sanyi

A nan ma ina zargin matsalarki, kuma a nan aka fi yin asara ba a sani ba. Karas shukar sanyi ce. Saiwarsa ta fi yin kyau, launi da zaƙi, idan yanayi yana tsakanin digiri 16 zuwa 21 a ma'aunin Salsiyos. Da zafi ya doshi digiri 30 ya zauna a nan, sai saiwa ta gajarce, launinta ya koɗe, gafi ya ƙaru. Dalilin a fili yake. Shuka tana numfashi dare da rana, kuma sukari take ƙonawa a numfashin. Idan dare yana da zafi, wani kaso mai yawa na abin da ganye ya haɗa da rana yana ƙonewa kafin gari ya waye. Idan dare yana da sanyi, numfashi yana raguwa, sukari ya samu ya zauna a saiwa. Rana mai haske da dare mai sanyi, wannan shi ne yanayin da yake fitar da karas mai zaƙi.

Saboda haka ba ranar shuka za ki fara zaɓa ba, ranar tono za ki fara zaɓa. Ki duba wane lokaci ne ya fi sanyi a shekara inda kike, ki sa makonni huɗu zuwa shida na ƙarshen girman karas su faɗa cikinsa, sannan ki ƙirgo baya da yawan kwanakin da aka rubuta a fakiti, ki ƙara kamar mako biyu na tsirowa. Wanda ya shuka a tsakiyar sanyi sai karas ɗinsa ya ƙosa cikin zafi, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa: ya ba tsiro sanyin, ya bar wa saiwa zafin. A ƙasashen da ake sanyi mai tsanani har raɓa ta daskare, masu lambu sukan bar karas a ƙasa sai ya sha sanyin nan sau ɗaya ko biyu, domin yana ƙara tara sukari don ya kare kansa daga daskarewa. Sai dai a tono kafin ƙasa ta sandare gaba ɗaya.

Idan ba yadda za ki yi da zafin iska, kina iya rage zafin ƙasa, kuma a ƙasa saiwar take. Bayan tsiro ya kai tsawon yatsa, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko ɓuntun shinkafa tsakanin layuka, kaurin santimita 3 zuwa 5. Wannan yana hana rana dukan ƙasa kai tsaye, yana kuma riƙe damshi. Ana iya ɗaura raga mai rage hasken rana daga azahar zuwa la'asar, amma kada inuwa ta yi yawa. Karas yana buƙatar aƙalla awa 6 na rana, kuma wanda aka shuka a gindin bango ko ƙarƙashin bishiya shi ne yakan fito lami, ganye dogo, saiwa ba komai. Mai shuka a cikin bokiti ko tukunyar roba ya guji baƙa, domin tana ɗaukar zafi ta dafa ƙasar da ke ciki. A sami mai haske, mai zurfin santimita 30 zuwa sama, a kuma kare gefenta daga rana.

Kashin kaji da ganyen da ya kai gwiwa

Wannan ganye kore shar da kika yaba, shi ne shaidar cewa taki ya yi yawa. Kashin kaji yana cikin takin dabbobi mafi ƙarfin naitirojin, kuma naitirojin ganye yake ginawa. Idan ya yi yawa, shuka ba ta daina fitar da sabon ganye, sai sukarin da ya kamata ya sauka ƙasa ya tafi wajen ginin ganyen. Saiwa takan yi girma amma ruwa ne ya cika ta, ga saurin tsagewa. Idan kuma kashin ɗanye ne bai ruɓe ba, yana ƙona bakin saiwa tun tana ƙarama, sai ta rabu biyu ko uku, ta fitar da gashi a jiki.

Yadda nake yi shi ne, ba na sa takin dabba a wurin karas kai tsaye. Sai in sa wa amfanin da ya riga shi, kamar kabeji ko masara, wanda yake son abinci da yawa, karas ya zo ya ci ragowa. Idan dole sai an ƙara, takin da ya ruɓe sarai har ya zama baƙi, ba wari, a shimfiɗa kaurin santimita 2, a juya shi da ƙasa makonni kafin shuka. A takin zamani, lambobi uku da ke jikin buhu suna nufin naitirojin, fosfaras da fotashiyam a jere. Ki nemi wanda lambarsa ta farko ta fi ƙanƙanta, ta ƙarshe ta fi girma, domin fotashiyam yana taimakawa wajen kai sukari daga ganye zuwa saiwa. Kada ki sa yuriya bayan saiwa ta fara kauri. Tokar itace tana da fotashiyam, amma tana rage tsamin ƙasa, kuma karas ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6.0 da 6.8 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. Cikin tafin hannu ɗaya a kowace murabba'in mita ya isa, kuma idan ƙasarki ba ta da tsami tun asali, ki bar tokar gaba ɗaya. Kada dai a wuce gona da iri wajen hana abinci: idan tsofaffin ganye suka fara rawaya tun shuka tana ƙarama, yunwa ce, kuma ganye mai yunwa ba ya haɗa sukari.

Ita ƙasar kanta, mai yashi-yashi da laushi ake so, a sassauta ta zurfin santimita 30, a tsince duwatsu da ɓurɓushin hoge. Idan ƙasarki mai danƙo ce, ki ɗaga kunya ko ki shuka gajeren iri. Ba a dashen karas, a inda zai girma ake shuka shi, zurfin rabin santimita zuwa ɗaya.

Ruwa

Kin ce kina ba da ruwa idan kin ga ƙasa ta bushe. Ga karas, wannan jinkiri ne. Duk lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, girma yana tsayawa, saiwa ta yi tauri, ɗaci ya ƙaru. Idan aka zo aka kwarara ruwa bayan haka, cikinta ya kumbura da sauri fiye da ɓawo, sai ta tsage. Abin da ake so shi ne damshi marar yankewa.

Daga shuka zuwa tsirowa, wanda yakan ɗauki kwana 7 zuwa 21, yayyafi ake yi kullum, har sau biyu idan ana zafi, don kada saman ƙasa ya yi ɓawo. Bayan haka sai a rage yawan zuwa a ƙara yawan ruwan, don ya nutse ƙasa saiwa ta bi shi. Ma'auni na gama-gari shi ne kamar lita 25 a kowace murabba'in mita a mako, a raba shi biyu ko uku. Ƙasa mai yashi da wuri mai iska da zafi suna buƙatar fiye da haka. Ki nutsa yatsa zurfin santimita 5: idan da sanyin damshi ki bari, idan ya fara bushewa ki ba da ruwa, ko da saman bai nuna komai ba. Ruwan da ya yi yawa ma yana da nasa laifin, yana surka zaƙi ya bar karas lami, yana kuma ruɓar da saiwa. A mako biyun ƙarshe nakan ɗan rage ruwa don sukari ya yi kauri, amma ba har ganye ya yi yaushi ba.

Akwai ƙananan ayyuka biyu da ake rainawa. Na farko rage tsiro. Idan ya kai santimita 5, a rage shi ya zama akwai santimita 2 tsakani, bayan mako biyu ko uku a sake ragewa zuwa 4 ko 5. Karas da ya cunkushe yana yi wa juna inuwa, ba wanda zai samu isasshen haske. A yi ragin da yamma, a danne ƙasa, a yayyafa ruwa, a kwashe abin da aka cire, domin ƙamshin ganyen da aka murje yana kiran ƙudan karas a inda ake da shi, kuma tsutsarsa tana huda saiwa ta sa ta ɗaci. Na biyu rufe kafaɗa. Duk kafaɗar da ta leƙo waje rana ta doke ta, kore take zama mai ɗaci. Ki riƙa tura ƙasa ko ciyawa kina rufewa da zarar kin gan ta.

Kada ki yanke ganye don wai ƙarfi ya koma ƙasa, ganyen shi ne mai aikin. Ki kuma lura da lafiyarsa. Idan gefensa ya fara baƙi yana bushewa, cutar naman gwari ce mai son jiƙaƙƙen ganye, don haka a ba da ruwa a gindi da safe. Idan kika ga wata shuka ta tsumbure, sabon ganyenta rawaya a cunkushe, saiwarta duk gashi, ki tumɓuke ta ki yar, domin cuta ce da ƙananan ƙwari masu tsalle suke yaɗawa, kuma irin wannan karas ɗaci ne da shi ba gyara. Ƙulle-ƙulle a jikin saiwa kuwa alamar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, maganinta canza wuri na shekara 3 ko fiye.

Tono da ajiya

Kwanakin da ke jikin fakiti kimantawa ce, harshenki ne zai yanke hukunci. Idan kwanakin sun kusa, kafaɗa ta kai faɗin santimita 2 kuma launi ya cika, ki tono ɗaya ki ɗanɗana. Idan da gafi ki ƙara mako ɗaya ki sake gwadawa. Ranar da kika ji zaƙi ya rinjaya, ki tono sauran cikin mako biyu zuwa uku idan ana zafi. Cikin sanyi yana iya jira fiye da haka ba tare da ya lalace ba. Wanda ya daɗe cikin zafi sandarsa takan zama kamar itace, wanda kuma ya fitar da karan fure ya riga ya kwashe sukarinsa ya kai sama, ba ya ciwuwa.

Ki jiƙa ƙasa kwana ɗaya kafin tono, ki sassauta gefe da cokalin haƙa, ki zaro a hankali da sanyin safiya. Jifa da ƙujewa suna sa karas ya haɗa sinadarin ɗaci. Ki yanke ganye nan take, ki bar santimita 1 ko 2 kawai, domin ganyen yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwa. Ajiya mafi kyau ita ce sanyi na digiri 0 zuwa 4 da damshi sosai, wato cikin leda mai 'yan huji a ƙasan firji. Inda babu firji, a jera shi cikin yashi mai ɗan damshi a wuri mafi sanyi, ba tare da an wanke ba.

Ga wani abu da zai iya zama shi ne silar ɗacin naki ko da lambun bai yi laifi ba. Tuffa, ayaba, tumatir da fiya suna fitar da wata iska mai suna etilin idan suna nuna. Karas da ya shaƙi wannan iska yana haɗa isokumarin, cikin 'yan kwanaki sai mai zaƙi ya koma mai ɗaci. Ki tuna ko karas ɗin ya yi ɗaci tun ranar da kika tono shi, ko sai bayan ya kwana a kwando ɗaya da 'ya'yan itace. Idan na biyun ne, raba musu wurin ajiya kawai ya wadatar.

Wanda yake hannunki yanzu kada ki zubar. Ki fere ɓawon, ki yanke santimita 2 daga kafaɗa, yawancin ɗacin ya tafi. Gafin kuma zafi yana kore shi, domin tarfinoyid yana bin tururi, don haka a dafa shi tukunya a buɗe ko a gasa.

Iyakar abin da kulawa take yi

Daga bayaninki, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne taki mai yawa ne ya kawo lami, yankewar ruwa ta kawo ɗaci, gafin sabulu kuma ko daga iri ne, ko zafi, ko tono da wuri. Tabbatarwa sai da ganin ƙasar da sanin irin. Kuma ko an yi komai daidai, shekarar da zafi ya zarce ba za ta ba da karas irin na shekarar sanyi ba, haka wurin da dare ba ya sanyi ko kaɗan zai samu mai daɗi amma da wuya ya kai na wuri mai sanyi. Harsuna ma sun bambanta, gafin da ya dame ki wani ƙamshi yake ji.

A shuka ta gaba ki raba wurin gida biyu. Ki shuka iri biyu gefe da gefe, misali Nantes da Kuroda, ba tare da ƙara kashin kaji ba, domin wanda kika zuba bai ƙare ba. Bayan mako uku ki sake shuka su a ɗaya ɓangaren. Ki rubuta ranar shuka, ranar da kika ɗanɗana kowanne, da abin da kika ji. Ki ɗanɗana kowanne ɗanye idan ya ƙosa, daga tsakiyar saiwa, don kada ɗacin kafaɗa ya rikita miki hukunci. Wanda ya fi daɗi cikin huɗun, shi ne irinki da lokacin shukarki na baɗi.